Timotawus na Listra, Ɗan Bayahudiya da Baheleni

Kafin a shiga wannan darasi, sai mutum ɗaya ya karanta Ayyukan Manzanni 16:1-5 a kunnen jama'a duka.

Cikin abokan aikin Manzo Bulus kaɗan ne suka daɗe tare da shi kamar Timotawus, ba kuwa wanda ya fi shi shiga zuciyarsa. Sunansa yana tsaye kusa da na Bulus a farkon wasiƙu 6 na Sabon Alkawari, watau 2 Korantiyawa, Filibiyawa, Kolosiyawa, 1 da 2 Tasalonikawa, da Filimon. Waɗansu wasiƙu 2 kuma da sunansa a ke kiransu. Duk da haka, sa'ad da Luka ya fara kawo labarinsa, maganar asalinsa ya sa a gaba. Ya gaya mana uwarsa Bayahudiya ce mai bi, ubansa kuwa Baheleni ne. Mu lura da kyau: ya kira uwar da sunan kabilarta, ya kira uban da sunan tasa, amma ɗan bai kira shi da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Almajiri kaɗai ya ce da shi. Domin mu gane dalilin wannan, sai mu fara duban garin da yaron ya tashi.

Garinsu

Listra ƙaramin gari ne a ƙasar Likoniya, cikin lardin Galatiya na mulkin Romawa, a ƙasar da yau a ke kira Turkiyya. Tsakaninsa da Ikoniya, wadda yanzu a ke ce da ita Konya, kimanin mil 20 ne. Garin ya rushe tun da daɗewa har aka manta da wurinsa, sai a shekara ta 1885 wani masani Ba'amurke mai suna Sterrett ya sami dutse mai rubutun Latin ɗauke da sunan garin kusa da ƙauyen Hatunsaray.

Kaisar Augustas ne ya zaunar da tsofaffin sojojin Roma a can domin tsaron hanya daga mutanen duwatsu. Saboda haka harsuna 3 a ke ji a kasuwar Listra. Masu mulki da Latin su ke rubutu, masu ciniki da masu ilimi Helenanci su ke yi, talakawa kuwa suna riƙe da harshen kakanninsu, Likoniyanci. Da wannan harshe ne suka ɗaga murya ranar da Bulus ya warkar da gurgu, suka ɗauki Barnaba a kan Zafsa, Bulus kuwa Hamisa, har firist na haikalin Zafsa da ke ƙofar gari ya kawo bijimai da furanni domin hadaya (Ayyukan Manzanni 14:8-13). Luka ya ambaci majami'ar Yahudawa a Antakiya ta Bisidiya da Ikoniya, amma bai ambaci ko ɗaya a Listra ba. Ga alama Yahudawan garin ba su da yawa.

Gidansu

Sunan uwarsa Afiniki, sunan kakarsa Lowis (2 Timotawus 1:5). Afiniki sunan Helenanci ne, ma'anarsa kyakkyawar nasara. Sunan yaron ma na Helenanci ne, ma'anarsa mai girmama Allah. Suna ne da uba Baheleni zai so, uwa Bayahudiya kuma ba za ta ƙi ba. Matan nan biyu suka koya masa Littattafai Masu Tsarki tun yana ɗan ƙarami (2 Timotawus 3:15), watau Attaura da Annabawa da Zabura.

Amma akwai abu ɗaya da ba a yi masa ba. Dokar da aka ba Ibrahim ita ce a yi wa kowane ɗa namiji kaciya a rana ta 8 (Farawa 17:12), Timotawus kuwa ya kai saurayi ba kaciya. Helenawa sun ƙi jinin wannan al'ada, suna ganinta ɓata jiki ce. A shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu sarki Antiyokas, Baheleni, ya hana kaciya a Yahudiya, waɗansu mata kuwa suka rasa rayukansu domin sun yi wa 'ya'yansu. Tun daga lokacin nan kaciya ta ƙara zama iyaka tsakanin jama'a biyun. To, ga yaro wanda kansa cike ya ke da labarin Ibrahim da Musa da Dawuda, jikinsa kuwa irin na dangin ubansa. A wurin Helenawa ɗan Bayahudiya ne mai ƙin sujada ga Zafsa. A wurin Yahudawa marar kaciya ne. Ya zama kamar jemage, tsuntsaye ba su karɓe shi ba, dabbobi ba su ce nasu ne ba.

Wa ɗa ya ke bi, uba ko uwa?

A Tsohon Alkawari ta wajen uba a ke ƙidaya asali. Yusufu ya auri Asenat, 'yar firist na On a Masar, 'ya'yansa Manassa da Ifraimu kuwa suka zama kabilu biyu na Isra'ila. Musa ya auri Ziffora, Bamadayaniya. Rut mutuniyar Mowab ta haifi Obida, kakan sarki Dawuda. Ba wanda ya ce waɗannan 'ya'ya baƙi ne. Amma in uban ne baƙo, magana ta sake. A Littafin Firistoci 24:10-11 akwai labarin wani wanda uwarsa Shelomit ce ta kabilar Dan, ubansa kuwa Bamasare. Littafin ya kira shi ɗan mace Ba'isra'iliya, wanda suka yi faɗa da shi kuwa shi aka kira Ba'isra'ile.

Bayan komowa daga bauta a Babila, Ezra da Nehemiya suka tsananta a kan auren baƙi. Nehemiya ya tarar da yara waɗanda rabinsu harshen Ashdod su ke yi, ba su iya harshen Yahuza ba, ransa kuwa ya ɓaci ƙwarai (Nehemiya 13:23-25). Daga baya, wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, malaman Yahudawa suka rubuta littafin shari'arsu da a ke kira Mishna, inda suka ce ɗan da baƙuwa ta haifa uwarsa ya ke bi. Game da ɗan Bayahudiya da baƙon uba kuwa, malamai suka daɗe suna gardama. Waɗansu suka sa shi cikin shegu, kafin a ƙarshe a tsaya a kan cewa Bayahude ne. Timotawus ya yi zamani shekara 150 kafin a rubuta Mishna, lokacin da maganar ba ta zauna ba tukuna. Shi ya sa har yau masanan Littafi Mai Tsarki sun rabu biyu: waɗansu sun ce mutanen zamaninsa sun ɗauke shi Bayahude wanda aka bari ba kaciya, waɗansu kuwa sun ce Baheleni suka ɗauke shi.

Sunayen da su ke kiran juna

Mai karatun Sabon Alkawari yakan gamu da kalmomi da yawa na rarrabe mutane, ya kamata kuwa ya san nauyin kowace. Baheleni a bakin Bayahude ba lalle mutumin ƙasar Girka ba ne. Kowane wanda ba Bayahude ba, mai jin Helenanci, haka a ke kiransa. Matar da ta roƙi Yesu saboda 'yarta, Markus ya ce Baheleniya ce, ya kuma ce asalinta Finikiya ta Suriya (Markus 7:26). Saboda haka mai yiwuwa ne uban Timotawus ma jininsa na mutanen ƙasar ne, harshensa da zamansa ne na Helenawa.

Al'ummai kuwa suna ne da Yahudawa suka tara dukan sauran mutanen duniya a ciki. In suna so su yi reni, sai su ce marasa kaciya (Afisawa 2:11). Su ma Helenawa suna da tasu kalma. Duk wanda bai iya harshensu ba sukan kira shi barbaros, gama a kunnensu maganarsa surutu ce kawai marar ma'ana. Har a cikin Yahudawa kansu akwai rabuwa, gama gunaguni na fari da ya tashi a ikilisiyar Urushalima tsakanin Yahudawa masu Helenanci ne da masu Ibrananci, a kan rabon abincin gwauraye (Ayyukan Manzanni 6:1).

Waɗannan sunaye ba a baki kaɗai suka tsaya ba. A Haikalin Urushalima akwai ƙaramar katanga kewaye da farfajiyoyin ciki, da duwatsu masu rubutun gargaɗi cewa baƙon da ya ƙetare, alhakin mutuwarsa yana wuyansa. An sami ɗaya daga cikin duwatsun nan cikakke a shekara ta 1871, aka kai shi gidan adana kayan tarihi a Istanbul. Zargin da ya kusa halaka Bulus a Urushalima shi ne cewa ya shigar da Tarofimas mutumin Afisa bayan wannan katanga (Ayyukan Manzanni 21:28-29). Da gidan su Timotawus sun tafi Haikali, da uban bai isa ya wuce inda aka yardar wa uwar ta wuce ba.

Kiransa da kaciyarsa

Bulus da Barnaba sun fara zuwa Listra wajen shekara ta 47 ko 48. A can aka jajjefi Bulus, aka ja shi bayan gari, ana tsammani ya mutu. Timotawus ya san wannan wahala sarai (2 Timotawus 3:10-11), saboda haka bai shiga aikin bishara da rufaffen ido ba. Da Bulus ya komo tare da Sila wajen shekara ta 49 ko 50, ya tarar 'yan'uwa na Listra da na Ikoniya suna yabon saurayin. Ya so ya tafi da shi. Sai ya ɗauke shi ya yi masa kaciya.

Wannan yakan ba mai karatu mamaki, gama ba a daɗe ba da manzanni da dattawa suka taru a Urushalima suka yanke cewa ba za a ɗora wa al'ummai masu bi kaciya ba. Wannan shawara ce ma Bulus da Timotawus suka bi gari gari suna sanarwa (Ayyukan Manzanni 16:4). Har wa yau Bulus ya ƙi yarda a tilasta wa Titus kaciya (Galatiyawa 2:3-5). Ina bambancin?

Titus Baheleni ne, waɗanda suka nemi a yi masa kaciya kuwa cewa su ke yi ba ceto sai da ita. Da Bulus ya yarda, da ya rushe bisharar da ya ke wa'azinta. Game da Timotawus ba wanda ya tilasta, ba kuwa maganar ceto a ciki, gama ya riga ya zama almajiri mai kyakkyawar shaida. Luka ya faɗi dalilin a fili: saboda Yahudawan wuraren nan ne, domin dukansu sun san ubansa Baheleni ne. Al'adar Bulus ce in ya shiga gari ya fara da majami'a. Ɗan Bayahudiya marar kaciya kuwa a idon mutanen majami'a shaida ne cewa an yar da alkawarin Ibrahim a gidansu. Da ya bi Bulus haka, da kowace Asabar sai a bar maganar Almasihu a kama maganar asalin saurayin.

Kada mu rena abin da Timotawus ya biya. Kaciyar babba ba kamar ta jariri ba ce, gama mutanen Joshuwa sai da suka zauna a zango har suka warke (Joshuwa 5:8). Ban da ciwon jiki kuma, ya ɗauki alamar da dangin ubansa su ke yi wa ba'a. Ya yarda da wannan domin ƙofar majami'a ta buɗu ga bishara. Dattawan ikilisiya suka ɗora masa hannu (1 Timotawus 4:14), ya bar uwarsa da kakarsa, ya kama hanya.

Aikinsa

Suka ƙetare teku zuwa Makidoniya. Da aka tayar da tarzoma a Biriya, Bulus ya wuce Atina, ya bar Sila da Timotawus a baya. Daga Atina aka aiki Timotawus Tasalonika domin ya ƙarfafa sababbin masu bi da ke shan tsanani, mafi yawansu kuwa mutane ne da suka juyo daga gumaka (1 Tasalonikawa 1:9; 3:1-6). Ya komo da labari mai daɗi, ya iske Bulus a Koranti. Muna iya sanin lokacin, gama wani rubutun dutse da aka samu a Delfi ya nuna Galiyo ya yi mulkin Akaya wajen shekara ta 51 zuwa 52, a gabansa kuwa aka kai ƙarar Bulus a Koranti.

Bayan 'yan shekaru, suna Afisa, Bulus ya aike shi Koranti sa'ad da ikilisiyar ta rarrabu ƙungiya ƙungiya. Aiki ne mai wuya, har Bulus ya roƙi Korantiyawa kada su tsorata shi, kada kuma su rena shi (1 Korantiyawa 16:10-11). Ya sake aikensa Makidoniya tare da Arastus. Yana cikin waɗanda suka raka Bulus sa'ad da ya tashi daga ƙasar Girka ya nufi Urushalima (Ayyukan Manzanni 20:4), yana kuma tare da shi a lokacin da ya rubuta wa Filibiyawa da Kolosiyawa da Filimon daga kurkuku.

A cikin wannan aiki duka gadonsa na gida biyu ya yi masa amfani. A majami'a yana iya buɗe Littattafan da Lowis da Afiniki suka koya masa. A gidan Baheleni kuwa ya san yadda mutanen ubansa su ke tunani, da abin da su ke tsoro, da abin da ke da wuya su bari. Abin da mutanen Listra suka gani kamar aibi, shi Ubangiji ya mora.

Ɗan halal

Bulus mutum ne mai asali wanda ba a iya kushewa. An yi masa kaciya a rana ta 8, kabilarsa Biliyaminu, iyayensa Ibraniyawa ne gaba da baya. Ya lissafta waɗannan duka a Filibiyawa 3:4-8, sa'an nan ya ce ya ɗauke su hasara saboda Almasihu. A cikin wannan wasiƙa ɗaya ce ya shaida cewa ba shi da wani kamar Timotawus, wanda ya yi bautar bishara tare da shi kamar ɗa da ubansa (Filibiyawa 2:20-22). A Romawa 16:21 ya kira shi abokin aiki, kalmar dangi kuwa ya sa ta bayan sunayen mutum 3 da suka biyo.

Akwai kuma wata kalma a 1 Timotawus 1:2 da ta cancanci a tsaya a kanta. An kira shi ɗa, aka haɗa da kalmar Helenanci gnesios, wadda tushen ma'anarta shi ne wanda aka haifa cikin aure na halal, kishiyar shege. Ku tuna irin gardamar da malaman Yahudawa suka yi a kan mai irin haihuwarsa. Wanda mutane suka rasa sunan da za su ba shi, a gidan bangaskiya ɗan halal ne. Ikilisiya tun da wuri ta karɓi wasiƙun nan 2 a kan na Bulus ne, ko da ya ke masana da yawa tun daga ƙarni na 19 suna ganin wani almajirinsa ne ya rubuta su bayan rasuwarsa. Ko ta wace hanya, haka masu bi na fari suka san Timotawus.

Aikin da aka ba shi a Afisa kuwa ya dace da shi. An umarce shi ya hana waɗansu ɓata lokaci a kan tatsuniyoyi da ƙididdigar asali marar iyaka, waɗanda ba su haifar da kome sai gardama (1 Timotawus 1:3-4). Wasiƙun ba su ɓoye rauninsa ba. Mutane suna iya rena ƙuruciyarsa, yana fama da ciwon ciki da yawan laulayi, yana kuma bukatar a tuna masa kada ya ji tsoro.

Ƙarshen kwanakinsa

A wasiƙa ta 2 Bulus yana ɗaure a Roma, abokai da yawa sun watse. Timotawus ya kira, ya ce ya yi hanzari ya zo kafin lokacin sanyi, ya taho masa da mayafin da ya bari a Taruwasa wurin Karbus, da littattafai, musamman na fata. Bulus ya mutu a zamanin Kaisar Niron, tsakanin shekara ta 64 da 68. Ibraniyawa 13:23 ta ba da labari cewa an saki Timotawus, alamar cewa shi ma ya ɗanɗana ɗauri.

Yusibiyas, mai rubuta tarihin ikilisiya a ƙarni na 4, ya ce Timotawus ne bishop na fari a Afisa. Wani labari da aka rubuta daga baya ya ce a zamanin Kaisar Narba, wajen shekara ta 97, ya fito ya tsauta wa masu bikin gumaka a titin Afisa, suka buge shi da kulake da duwatsu har ya mutu. A shekara ta 356 aka ɗauki ƙasusuwan da aka ce nasa ne zuwa Kustantiniya, aka ajiye su a Majami'ar Manzanni.

Abin koyo a gare mu

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu da Hausa mu ke sujada, amma kowa da harshen da ya sha a nono. 'Ya'yanmu suna aure tsakanin kabila da kabila, jikokinmu kuwa suna tashi kamar Timotawus. Mu ma muna da kalmominmu. Mukan ce wane ruwa biyu ne, mai baƙar magana ya ce barbarar yanyawa. Wanda harshensa bai faɗa ba a ce yana gwaranci, an mai da sunan kabila guda abin ba'a, daidai da yadda Helenawa suka yi da barbaros. Wanda aka haifi kakansa a gari har yau a ce da shi baƙo. Magana kuwa zarar bunu ce, yaro kuma yana ji, ba ya mantawa.

Littafi Mai Tsarki bai ce mutum ya musunci asalinsa ba. Luka ya rubuta na uwar Timotawus da na ubansa, bai ɓoye ko ɗaya ba. Abin da Bulus ya duba sa'ad da ya ke neman abokin tafiya shi ne shaidar da ikilisiyoyi biyu suka ba saurayin. Ranar da za mu zaɓi dattijo, ko mai bishara, ko ranar da za a zo neman auren 'yarmu, wannan shaida ita ce ta kamata mu fara tambaya. Kai kuma wanda a ke kira ruwa biyu, kada ka ji kunyar gidan uwarka ko na ubanka. Kana da ƙofa biyu da za ka shiga da bishara, inda waninka ya ke da ɗaya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Don me Bulus ya yi wa Timotawus kaciya amma ya hana a yi wa Titus?
2. Wane abu ne Lowis da Afiniki suka iya yi wa yaron, ko da ya ke uban ba Bayahude ba ne? Me wannan ya ke koya wa mai bi wadda mijinta ba ya bi?
3. Waɗanne sunaye mu ke kiran mutanen wata kabila da su a bayan idonsu, waɗanda ba za mu iya faɗa a gabansu ba?
4. Wace al'ada ce za ka iya ɗauka ko ka bari, ba tare da zunubi ba, domin maƙwabcinka ya saurari bishara?